Mai-tsire da Ƙaramin Shaho a Bakin Kwara

Lambun albasar kawuna yana wajen garin Malanville, a kan wani ɗan tudu cikin fadama, ba nisa da inda kogin Sota ke zuba ruwansa cikin Kwara. A lokacin ƙuruciyata daga bakin shinge ana hango gadar da ta haɗa mu da Gaya, wadda aka gina tun 1958, da jerin manyan motocin da suka taso daga Kwatano, suka ci kilomita sama da 700, suna jiran 'yan duwan su sallame su su tsallaka Nijar. Mu Hausawan garin yawancinmu kasuwa ce ta kawo kakanninmu, wasu daga Kamba, wasu daga Dogon Dutsi. Ƙasa da ruwa na Dandawa ne, su muka tarar. Kawu ne ya bar rumfa ya ari ƙasa ya kama noman rani, ni kuwa ɗan ƙanwarsa ne da bai isa ɗaukar buhu ba, shi ya sa tun ƙarshen shekarun 1980 aka ɗora mini ban-ruwa da tsaron lambu duk ranar da babu lakwal.

Tsaron lambu aikin zama ne. Awaki kake jira, da shanun da ke gangarowa mashaya. In ba su zo ba, sai ka yini kana kallon abin da ke gabanka, ni kuma abin da ke gabana itatuwa biyu ne. Ɗaya giginya ce da tsawa ta sare wa kai, ta bushe a tsaye, doguwa sambal, ba ganye ba reshe. Ɗayar aduwa ce gajeriya a kusurwar shinge, ta cika da dogayen ƙayoyi. Tsakaninsu bai fi jifa ɗaya ba.

Wata safiya da kaka, ana cikin dashe, Inna, matar Kawu, ta je tsinkar rama a bakin shinge, sai muka ji salatinta.

"Malam, zo ka gani! An yi mana asiri."

A jikin aduwar, daidai fuskar mutum, fara ce a soke a ƙaya, kowace da ƙayarta, an huda ta ta ƙirji. Can gefe ga wani ɗan ƙadangare ya bushe, babu kai. Inna ta rantse aikin maƙwabcin nan ne da suka yi cacar baki da Kawu a kan hanyar ruwa. Kawu ya duba ya sake dubawa, ya ce, "Wa zai ɓata asirinsa a kan albasar da ko kai ba ta yi ba?" Amma na ga ya yi tofi kafin ya juya.

Wanda ya raba gardamar wani dattijon Bafulatani ne da ke biyowa da shanunsa ta wurinmu kowace shekara in an kwashe gero. Ya dogara da sandarsa, ya ƙare wa ƙayar kallo, ya yi dariya, sannan ya nuna saman shinge da leɓe.

"Ga mai asirin naku can."

Tsuntsu ne da ya fi gwara girma, bai kai kurciya ba. Ƙeyarsa ja irin na jar ƙasa, baƙin zane ya taso daga goshi ya ratsa idanu, ƙirji fari fat, fukafukai baƙaƙe da farin tabo a kafaɗa. Yana zaune ƙiƙam a kan turke yana ɗan kaɗa wutsiya, ko a jikinsa. Muna kallo ya sulalo tsakanin kunyoyi, ya cafki wani abu, ya koma mazauninsa.

Na ce, "Baffa, suda ce?"

"A'a, yaro. Suda cikin duhuwa take yini tana zuba surutu. Wannan a fili yake zama, kuma baƙo ne. Tare muke zuwa, tare muke tafiya."

Daga ranar muka sa masa mai-tsire, don yadda yake jera namansa a tsinke ba shi da maraba da na mahautan bakin tasha, ƙuli-ƙuli ne kawai babu. Sai da na girma littafin tsuntsaye ya shigo hannuna na gane nisan baƙuntar tasa. Masana suna kiransa Lanius senator. A Sifen da Italiya da Girka da ƙasashen Magrib yake ƙyanƙyasa, ya keta Sahara wajajen Satumba da Oktoba, ya yi hunturu a wurinmu, ya juya a Maris ko Afrilu, alhali duk nauyinsa giram 30 ne zuwa 40. Bakinsa na mafarauci ne, da ƙugiya a tsini da wani ɗan haƙori a gefen sama wanda yake datse wuyan abin da ya kama da shi. Shaho ma yana da irin wannan haƙori, ko da yake ba su haɗa dangi ba. Ƙafafu ne suka gaza masa. Irin na ƙananan tsuntsaye ne, ba su iya danne ƙadangare har a yage shi, sai ƙaya ta riƙe masa. Abin da ya rage kuma yana nan rataye har ya sake jin yunwa.

Saman giginya kuwa na wani ne. Ƙaramin shaho ne toka-toka daga kai har wutsiya, sai rawaya a ƙafafu da gindin baki da kewayen ido, wanda littafi ke kira Falco ardosiaceus. Ɗan gida ne, rani da damina yana nan. Shi da matarsa ba su gina sheƙa. A wata tsamiya a bakin Sota akwai ƙatuwar bukkar ƙirare da tsuntsun nan mai ƙeyar guduma ya gina, a ciki suke ƙyanƙyasa. Ba ya yawo a sama kamar shirwa. Zama yake a kan kututturen, ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai motsa ba, sai ka ga ya saki jiki ya zubo kan ƙadangare. In hunturu ya kankama sai wani ɗan'uwansa ya bayyana, mai jan baya da ɗigo-ɗigon baƙi, Falco tinnunculus. Shi wannan ba ya rasa mazauni, don iska ce kujerarsa: ya fuskanci inda take busowa, ya baje wutsiya, ya tsaya cak a sarari yana kaɗa fukafukai, kai ba ya ko gezau. Mun sha barin ban-ruwa mu tsaya kallonsa har Kawu ya daka mana tsawa. Kowanne cikinsu ya ninka mai-tsire nauyi sau biyar ko fiye.

Abincinsu kusan ɗaya ne. Fara da babe, gyare, buzuzu, ƙananan ƙadangaru, ɓera in ya samu. Hanyar nema ma ɗaya ce tsakanin mai-tsire da shaho mai toka: a hau wuri mai tsawo, a zuba wa ƙasa ido, a faɗo. Duk wanda ya ji wannan zai zaci kullum cikin faɗa suke. Watannin kaka kuwa ko kallon juna ba su yi.

A Oktoba da Nuwamba in ka ratsa ciyawar fadama fara ce ke tashi a gabanka ta ko'ina, tana bugun fuska. Shaho na cika ciki tun hantsi ya koma gyaran gashi. Mai-tsire na kamawa ya ci rabi ya rataye rabi. In ana maganar mai cin rabonsu a wannan lokaci, to Inna ce da 'yan matan gidanmu, waɗanda ke fita da asuba sanyi ya daskarar da fara a jikin karan gero, su cika buhu, a tafasa, a shanya, a soya da yaji da gishiri. Ranar kasuwa har daga Gaya ake zuwa saye. Farar tumfafiya ce kaɗai kowa ya bar wa Allah, mai zanen rawaya, wadda ke tara dafin ganyen da take ci. Yaro bai taɓa ta, tsuntsayen ma na ga suna ƙyale ta.

Ranar da na fi ganin wannan zaman lafiya ita ce ranar ƙunar daji. Samari masu farautar gafiya suka cinna wa busasshiyar ciyawar bayan lambu wuta da la'asar. Kafin hayaƙi ya miƙe sama sosai, tsuntsaye sun fara sauka daga inda ba ka taɓa zato ba. Shirwa ta zo da yawa tana shawagi a cikin hayaƙin, tana cafe fara da ƙafa tana kai wa baki ba tare da ta sauka ba. Balbelu suka jeru a bakin toka mai zafi suna takawa a hankali. Shuɗɗan tsuntsayen nan masu dogayen zare biyu a wutsiya suna kutsawa har kusa da harshen wuta. Jan shaho ya tsaya a sama daidai gaban wutar, inda ƙwari ke gudu, ya faɗo ya tashi, ya faɗo ya tashi. Mai toka ya bar giginyarsa ya sauko kan wani kututturen da bai kai ƙugu ba. A wannan kututturen, a reshen ƙasa, na ga mai-tsire, tazararsu ba ta fi kamu huɗu ba, kowa fara a baki. Ba wanda ya ɗaga wa wani gashi. Washegari aduwar nan ta yi nauyi da tsire har Inna ta ce ko ta ɗiba ta ƙara a nata.

Daga baya na karanta cewa a watan Janairun 2007 masu bincike na ƙungiyar LPO ta Faransa sun tarar da wani tsibiri mai suna Kousmar kusa da Kaolack a Senegal, inda wani ƙaramin shaho ɗan ci-rani, Falco naumanni, ke kwana sama da 28,000 a wuri guda, duk albarkacin farar yankin. Ban yi mamaki ba. Inda fara ta wadata, shaho ba ya shata iyaka.

Labari yana sauyawa ne daga Fabrairu. Kwara a wurinmu sau biyu take cika. Akwai jan ruwa na damina, akwai kuma ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, sai cikin sanyi yake iso mana. Saboda haka lokacin da tudu ya bushe ƙurmus, shanu sun tattake, wuta ta cinye saura, bakin kogi da lambunan da ake ba ruwa su ne kaɗai kore. Ɗan ƙwaron da ya rage nan yake taruwa, masu nemansa ma nan suke matsowa. A lokacin ne na fara lura da abin da ke gudana tsakanin giginya da aduwa.

Mai-tsire yana son ƙololuwar aduwa, don daga nan yana ganin kunyoyi kusan duka. Muddin shaho na can saman giginya, ba ya damuwa, sai dai yakan karkata kai ya dube shi da ido ɗaya lokaci zuwa lokaci. Amma da zarar shahon ya buɗe fukafukai, ko da ba wajensa ya nufa ba, sai ka ji ya saki wani kuka mai kaushi, kyak-kyak-kyak, ya nutse cikin ƙaya. Ba ya fitowa sai an jima. In ya fito ma ba ya komawa sama kai tsaye, sai ya fara daga reshen tsakiya. Da kaka wannan ba ya rage shi da komai. Da bazara kuwa, da safe ne kaɗai ƙwari ke motsi kafin rana ta kore su ƙarƙashin ganye, kuma a daidai wannan ɗan lokacin shaho ya fi kai da kawowa. Rabin safiyar mai-tsire a ɓoye take ƙarewa. Tsiren da ke jikin aduwa ya yi ta raguwa har ya zama sai ka nema.

Wata rana ina zuba ruwa da gwangwani na ga ya samu babban rabo, wani ƙadangare da ya kusa tsawonsa. Ya datse masa wuya amma ya kasa tashi da shi. Yana ja yana hutawa, yana ja yana hutawa, ya nufi gindin aduwa. Saura ƙiris ya kai, sai inuwa ta gifta ta kaina. Mai toka ne. Bai ko rage gudu ba, ya sure ƙadangaren da ƙafa ɗaya ya koma giginya. Mai-tsire ya bi shi har rabin hanya yana kuka, ya kai masa bugu a baya sau ɗaya, sannan ya tuna girmansa ya juyo. Na jefi giginyar da hoge don haushi, ko rabinta bai kai ba.

Da na ba Kawu labari da yamma, yana ɗaure buhu bai ɗago ba ya ce, "Faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa."

Sai dai ba kullum shaho ke da rinjaye ba. Akwai wasu dangin mai-tsire 'yan gida, masu rawayan baki da doguwar wutsiya, launinsu ruwan ƙasa da zane-zane, Corvinella corvina. Su ba su tafiya ɗai-ɗai. Gungu suke yi, goma ko fiye, suna tafe suna hayaniya daga wannan itace zuwa wancan. Wani masani, Llewellyn Grimes, ya yi shekaru yana binsu a Legon ta ƙasar Gana cikin shekarun 1970, ya nuna cewa mace ɗaya ce ke kwanci a gungu, sauran duk su taya ciyar da ita da 'ya'yan. Ni abin da na sani a lokacin shi ne ba su da kunya. Wata safiya shaho mai toka ya yi kuskuren sauka a bagaruwar da suka yi sheƙa a cikinta, can bayan rijiya. Kafin ya daidaita zama sun kewaye shi. Wannan ya taso ta baya ya shafi kansa, ya juya, wancan ya taso ta ɗaya gefen. Sauran suna rassan kewaye suna ihu baki ɗaya, wutsiyoyi na sama da ƙasa. Ya buɗe baki, ya baje fukafukai, ya yi ta dauriya, daga ƙarshe ya tashi, suka raka shi har bakin ruwa. Baffa na tsaye da shanunsa yana kallo, ya ce da ni, "Ka gani ko? Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Naka baƙon ba shi da kowa, shi ya sa."

Gaskiyarsa. Baƙon nan shi kaɗai yake tsare ɗan filinsa, ko ɗan'uwansa ba ya bari ya raɓe shi. Da wani mai jar ƙeya ya sauka a ɗaya ƙarshen shinge, faɗan da suka yi ya fi duk wanda na gani tsakaninsa da shaho zafi, har ƙasa suka faɗo a sarƙe.

A waɗannan shekarun fara ta addabi masu shinkafa a fadamar Malanville, musamman wata koriya da ke son wuri mai laima, Hieroglyphus daganensis. Aka yi feshin magani a gonakin da ke maƙwabtaka da mu. Kwana biyu ƙasa ta rufe da matattun ƙwari, tsuntsaye suka yi ta ci. Na tsinci wani shuɗin tsuntsu a gindin shinge yana layi, ya kasa tashi. Bayan mako guda fadamar ta yi tsit, ba fara ba gyare. Jan shaho ya ɓace gaba ɗaya, shi da ke da fukafukan zuwa wani wuri. Mai toka ya koma farautar jemagu da magariba a bakin Sota. Mai-tsire ne ya tsaya a filinsa yana zaman banza a kan turke.

A farkon shekarun 1990 kuma muka fara ganin wasu mutane da ragar kama ƙwari da 'yan kejina suna bin ciyawa. Ma'aikatan shirin LUBILOSA ne, wanda aka soma a 1989, da hannun cibiyar IITA ta Kwatano a ciki. Wata irin funfuna suke gwadawa mai suna Metarhizium, wadda ke kama fara ta bar sauran halittu, kuma yankinmu na cikin wuraren da aka yi gwajin. Ita ce daga baya aka sayar da sunan Green Muscle. Manoma sun yi ta ƙorafin cewa ba ta da sauri, sai an yi mako ɗaya ko biyu kafin fara ta mutu, alhali maganin da suka saba da shi kafin la'asar ya gama aiki. Ni dai na ga gawar fara ta yi ja, daga baya ta yi kore-kore da ƙura, na kuma ga mai rai da ta kamu tana hawa kan ciyawa ta lafe a rana, ba ta da kuzarin tsalle. Tsuntsaye suka samu ganima a sauƙaƙe, ba kuma wanda na gani yana layi.

Abin da ya yanke hukunci a lambunmu gatari ne. A ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da ake saye da sefa 50 ya koma 100. Kawu ya riga ya ƙulla niyyar sayen injin ban-ruwa, kuɗin da ya tara suka kasa. Itacen giginya kuwa kowa a ƙasar Dandi ya san darajarsa, gara ba ta cinsa, da shi ake azara, shi ya sa ma a tsallaken Gaya ake tsaron dazukan giginya. Da yardar mai ƙasa aka kira masu sara. Kafin azahar kututturen da tsawa ta kasa kayarwa yana kwance an tsaga shi gida-gida.

Washegari da safe shaho mai toka ya zo ya yi kewaye biyu a inda giginyar take, sannan ya sauka a wuri mafi tsawo da ya rage, wato ƙololuwar aduwa. Reshen ya yi masa laushi, yana ta tangaɗi, amma ya zauna. Mai-tsire ya koma turakun shinge. Daga turke ba ya ganin komai sai kunya biyu uku na kusa, ga shi a fili, shaho a bisa kansa, rumbunsa kuma a ƙarƙashin ƙafafun shahon. Ya yi ta kuka kwanaki, yana kai wa aduwar hari yana janyewa. Ban ga shahon ya bi shi ko sau ɗaya ba. Zamansa kawai ya yi. Tun kafin ƙarshen Fabrairu, lokacin tafiyarsa bai yi ba, mai-tsire ya bar lambun. Da kaka ta zagayo wani mai jar ƙeya ya sauka a shingen, ya yi 'yan kwanaki, ya ƙara gaba can wata saura mai magarya.

Kawu da Baffa sun yi gardama a kan wannan a gindin rijiya, ina ja musu guga.

Kawu ya ce, "Dattijo, ai ga shi nan a fili. Babba ya kori ƙarami."

"Shekara nawa suna tare bai kore shi ba, Malam? Kai ka rushe ɗaki ɗaya, ka ce masu gida biyu su kwana a gado ɗaya."

"To in bar 'ya'yana da guga don tsuntsu?"

"Ban ce ba. Na dai faɗa maka wanda ya yi korar."

Kawu ya yi dariya ya ce Bafulatani ba ya rasa magana. Ni a raina bayan Baffa nake, har yau kuma ban sauya ba. Gasa tsakanin tsuntsayen nan gaskiya ce, da idona na gan ta, amma ba a kan fara take farawa ba. A kan wurin zama take, kuma ba ta yin tsanani sai an rage wuraren. A Amurka ma akwai irin wannan gami: suna da nasu ƙaramin shahon da nasu mai-tsiren, suna farauta daga waya ɗaya da turakun shinge ɗaya, kuma tun shekarun 1960 yawan mai-tsiren ke raguwa ƙwarai, har wasu suka ɗora ayar tambaya a kan shahon. Sai dai shahon nasu shi ma raguwa yake yi. A yankinmu kuwa, wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye masu farauta a kan hanyoyin Mali da Burkina Faso da Nijar daga 1969 zuwa 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, ya tarar ungulaye da manyan gaggafa sun kusa ƙarewa a wajen gandun daji irin na W da ke yamma da mu. Ba wani tsuntsu ne ya kore su ba.

Na bar Malanville ba da daɗewa ba bayan sare giginyar, karatu da aiki suka riƙe ni a tsallake. Rasuwar Kawu ce ta dawo da ni cikin sanyin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Gada a toshe take, sai a kwale-kwale muka tsallako daga Gaya, mutane da babura da buhuna a jirgi ɗaya. Bayan addu'ar uku na ari babur na bi hanyar Kandi har Guéné. Wayoyin lantarki sun bi gefen kwalta, abin da babu shi a wajen gari lokacin ƙuruciyata, kuma tsuntsayen sun karɓe su hannu bibbiyu. Mai jar ƙeya a kan waya, kowane da tazararsa tsakaninsa da na gaba. Jan shaho a kan fal ɗin kansa, can sama. Na tsaya a inda suke kusa da juna na daɗe. Shaho ya tashi, mai-tsire ya sauka cikin wata ƙaya a gindin fal ɗin, ya dawo. Inda aka share ƙayar gefen hanya kuwa, waya ce kawai da shaho.

Lambun yanzu a hannun ɗan Kawu yake, taubashina. Ya faɗaɗa shi, injuna biyu ke aiki, ya haɗa da shinkafa a gangare. Shingen ƙaya ya tafi, ragar waya ce ta maye gurbinsa. Aduwa ma tun tuni aka cire ta don tana tare hanyar amalanke. Abin da ya ba ni dariya, ya kakkafa dogayen sanduna a tsakiyar shinkafar, kowace da ɗan guntun itace a gicciye a samanta.

Na ce, "Wannan fa? Tuta za ka ɗaura?"

"Kai ɗan birni, me ka sani? Na shaho ne. Ɓeraye sun ishe ni, in ya samu wurin zama yana rage mini su."

"Ubanka ya sayar da wadda Allah ya kafa, kai kana sayen sanda."

"Ubana kawunka ne, ka iya bakinka."

Na ce masa tunda ya yi wa babba masauki, ya bar 'yar magarya ko aduwa ta tsiro a kusurwa biyu uku, nesa da sandunan, ƙaramin ma ya samu inda zai fake ya rataye abincinsa, ai shi ma fara da gyare yake ci masa kyauta. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce kowane taku na wurin nan albasa ne, ga iyaka a rufe, buhu ya faɗi warwas a kasuwa. In an buɗe gada albasa ta yi kuɗi, zai duba maganar. Sannan ya miƙo mini bokiti ya ce tunda na zo, in nuna masa ko har yanzu na iya ban-ruwa.